Italiya Na Tsufa: Ana Son Baƙi Ana Kaiwa Kasuwa

A shekarar 1964 an haifi jarirai fiye da miliyan ɗaya a ƙasar Italiya. A shekarar 2024 kuwa, bisa ga alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar, wato ISTAT, waɗanda aka haifa ba su wuce 370,000 ba, alhali mutum kimanin 650,000 ne suka mutu a cikin wannan shekarar. Ke nan duk inda aka yi suna goma, an yi jana'iza kusan goma sha takwas. Wannan giɓi ba sabon abu ba ne, domin tun daga shekarar 1993 mace-mace suka fara rinjayar haihuwa a ƙasar, in ban da shekara biyu da aka ɗan samu sauƙi. Yawan jama'ar Italiya ya kai ƙololuwarsa a 2014, lokacin da ya ɗan haura miliyan 60, daga nan ya yi ta zamewa har ya faɗo ƙasa da miliyan 59. Hukumar ta ISTAT ta yi hasashen cewa in aka ci gaba a haka, jama'ar ƙasar ba za su kai miliyan 55 ba a shekarar 2050, kuma za su koma kimanin miliyan 46 a 2080.

Masana ƙididdigar jama'a sun daɗe da cimma matsaya cewa al'umma ba ta maye gurbin kanta sai in matanta na haihuwar 'ya'ya biyu da ɗan ɗoriya kowacce, wato 2.1 in an yi raba-daidai. Italiya ta faɗo ƙasa da wannan mizani tun ƙarshen shekarun 1970, kuma ba ta sake komawa ba. A 2024 mizanin ya tsaya a kan 1.18, abin da ya gaza ma 1.19 na shekarar 1995, wanda a da shi ne mafi ƙanƙanta a tarihin ƙasar. A tsibirin Sardiniya ko ɗa guda ga kowace mace bai kai ba. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne matan da ke cikin shekarun haihuwa su kansu sun ragu, saboda su ne 'ya'yan waɗancan shekaru da aka rage haihuwa. Ko da a ce yau kowace mace ta yanke shawarar ƙara ɗa guda, iyayen da za su haifa ba su da yawan na da.

Ɗan kasuwa zai fi saurin gane inda hatsarin yake idan aka dubi tsarin fansho. Fanshon Italiya, wanda hukumar INPS ke gudanarwa, tamkar adashi yake: abin da ma'aikatan yau suka zuba shi ake kwasa a biya tsofaffin yau, da alkawarin cewa na gobe za su zuba wa na yau. Kowace uwar adashi ta san abin da ke faruwa idan masu zubi suna raguwa, masu kwasa suna ƙaruwa, kuma kowane mai kwasa yana daɗewa yana kwasa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Italiya ya kai shekara 65 ko ya wuce. Ƙasar na kashe kimanin kashi 16 daga cikin ɗari na dukiyar da take samarwa a shekara wajen biyan fansho, ga kuma bashin da ke kan gwamnati wanda ya kai kusan kashi 135 daga cikin ɗari na wannan dukiya. An riga an yi gyaran fuska a 2011 ƙarƙashin dokar nan ta minista Elsa Fornero, kuma shekarun ritaya sun kai 67, saboda haka babu sauran fili mai yawa ta wannan ɓangare. A watan Mayun 2024 gwamnan Babban Bankin Italiya, Fabio Panetta, ya yi gargaɗin cewa kafin shekarar 2040 masu shekarun aiki za su ragu da mutum miliyan 5.4, duk da an sa baƙi 170,000 a shekara cikin lissafin, kuma hakan na iya rage dukiyar da ƙasar ke samarwa da kashi 13 daga cikin ɗari. Gwamnan babban banki ba ɗan adawa ba ne, ba kuma ɗan rajin kare haƙƙin baƙi ba. Lissafi kawai ya yi.

To, su wane ne suka hana wannan adashi rushewa zuwa yanzu? A farkon shekarar 2025 akwai baƙi kimanin miliyan 5.4 da ke zaune a Italiya bisa doka, wato fiye da kashi 9 daga cikin ɗari na jama'ar ƙasar. 'Yan Romaniya ne suka fi yawa, sun haura miliyan ɗaya, sai 'yan Albaniya da 'yan Maroko, sannan Sinawa da 'yan Yukren. 'Yan Nijeriya sun haura 100,000. Akasarin waɗannan mutane matasa ne ko masu matsakaicin shekaru, suna zubi a adashin, kaɗan ne daga cikinsu suka fara kwasa. Cibiyar bincike ta Leone Moressa ta ƙiyasta cewa ma'aikata baƙi ne ke samar da kimanin kashi 9 daga cikin ɗari na dukiyar ƙasar.

Amma alƙalami ba ya nuna yadda abin ya ratsa tattalin arzikin kamar yadda ido ke gani. Cukun Parmigiano da Grana Padano, waɗanda Italiya ke tinƙaho da su a kasuwannin duniya, daga madarar da Indiyawa mabiya addinin Sikh ke tatsa a kwarin kogin Po ake yin mai yawa daga cikinsu. Ɗinkin tufafi a garin Prato ya koma hannun Sinawa. A Monfalcone, inda ake ƙera manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, 'yan Bangaladash sun cika wurin aiki. Tumatirin da ake tsinka a Puglia da lemon da ake tsinka a Kalabriya, 'yan Afirka da 'yan gabashin Turai ke tsinkarsu. Uwa uba kula da tsofaffi a cikin gidaje, wanda kusan kashi 70 daga cikin ɗari na masu yin sa da aikin gida bisa rajista baƙi ne, galibinsu mata. Idan waɗannan mata suka tattara komatsansu suka tafi a rana ɗaya, dubban ɗaruruwan 'yan Italiya za su bar wurin aiki su koma gida jinyar iyayensu, kuma wannan hasara ba ta cikin lissafin kowa.

Duk da haka, baƙo shi ne abin da aka fi cin ƙuri'a da shi a siyasar Italiya. Giorgia Meloni ta hau kujerar firayim minista a watan Oktoban 2022 bayan ta yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin toshe hanyar teku. A watan Afrilun 2023 ministan aikin gona na gwamnatinta, Francesco Lollobrigida, ya fito fili ya yi kashedi game da abin da ya kira maye gurbin ƙabila da wata ƙabila. A watan Nuwamban wannan shekarar aka ƙulla yarjejeniya da Albaniya don a riƙa kai waɗanda aka tsamo daga teku wasu sansanoni a can, aikin da aka ƙiyasta zai ci fiye da Yuro miliyan 600 cikin shekara biyar. Rukunin farko da aka kai a watan Oktoban 2024 mutum 16 ne, kuma cikin 'yan kwanaki aka dawo da su Italiya, akasarinsu bisa hukuncin wata kotu a birnin Roma.

Wannan gwamnati ita ce kuma ta amince da ba wa ma'aikata daga wajen Tarayyar Turai gurabe 452,000 tsakanin 2023 da 2025, sannan a tsakiyar 2025 ta sanar da wasu kusan 500,000 na shekarun 2026 zuwa 2028. Jimilla kusan miliyan ɗaya ke nan cikin shekara shida. Hausawa na cewa ana so ana kaiwa kasuwa. Ana yi wa mai zaɓe magana ɗaya a dandalin siyasa, ana yi wa ƙungiyoyin manoma da masu masana'antu da masu otal wata maganar a ofis. Buɗe waɗannan gurabe mataki ne da ya dace, kuma ya kamata a yaba wa gwamnatin da ta ɗauke shi. Abin zargi shi ne yadda aka ƙi gaya wa jama'a gaskiyar dalilinsa, da kuma yadda aka bar hanyar shigowar a lalace.

Tushen lalacewar ita ce dokar Bossi da Fini ta shekarar 2002, wadda ta ɗaure izinin zama da takardar kwantiragin aiki. A ƙa'ida, mai gona ko mai shago a Italiya shi zai nemi a kawo masa wani ma'aikaci da sunansa daga wata ƙasa, mutumin da bai taɓa gani ba. Ana shigar da buƙatar ta intanet a wata rana da aka ware, kuma wanda ya riga latsawa shi ke samu. Guraben kan ƙare cikin mintuna, buƙatun kuma kan ninka su sau da yawa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar yaron shago ya san ba haka ake ɗaukar ma'aikaci ba. Babu mai damƙa wa wanda bai sani ba tsohuwar mahaifiyarsa. Abin da ya biyo baya kowa na iya cankarsa: dillalai suka shiga tsakani, ana sayar da takardar gayyata kan dubban Yuro, kamfanonin bogi na neman ma'aikatan da ba su da aikin ba su. Mutum ya sayar da gonarsa a ƙasarsu, ya shigo da biza ta halal, ya iso ya tarar babu mai aikin, bayan 'yan watanni ya zama marar takarda. Ita kanta Meloni ta kai ƙara ga babban mai gabatar da ƙara kan miyagun ƙungiyoyi a watan Yunin 2024, inda ta ce a jihar Kampaniya waɗanda suka sa hannu a kwantiragi bayan sun shigo ba su kai kashi 3 daga cikin ɗari ba. Gamayyar ƙungiyoyi ta Ero Straniero ta gano cewa ƙasa da kashi 10 daga cikin ɗari na guraben 2024 ne suka kai ga zama izinin zama da aiki.

Wanda ya rasa takarda ba ya komawa gida, domin bashi na jiransa. Sai ya faɗa hannun ɗan kamashon da 'yan Italiya ke kira caporale, kalmar da ke nufin kofur, wanda ke kwasar leburori da asuba ya kai su gona, ya yanke kuɗin mota da na ruwa da na makwanci daga ladan da tun asali bai kai na doka ba. An kafa doka mai tsanani a kan wannan ɗabi'a a 2016, amma a watan Yunin 2024 wani lebura ɗan Indiya, Satnam Singh, injin ya datse masa hannu a wata gona kusa da Latina, aka ɗauko shi aka yar a ƙofar gidansa maimakon a kai shi asibiti, ya mutu bayan kwana biyu. Ko an ajiye batun tausayi gefe guda, hasarar a fili take. Lebura marar takarda ba ya biyan haraji, ba ya zubi a asusun fansho, kuma arhar ladansa na karya ladan ɗan ƙasa da na baƙon da ke da takarda. Ƙasar ta samu gumin mutum, baitulmali bai samu ko sisi ba. Shi ya sa duk bayan 'yan shekaru ake yin afuwa ga marasa takarda: an yi a 1986, 1990, 1995, 1998, 2002, 2009, 2012 da 2020. Ta 2002 kaɗai ta halatta zaman mutum kimanin 650,000, kuma gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta Silvio Berlusconi ta yi ta. Ƙasar da ta yi afuwa sau takwas cikin shekara talatin da biyar ya kamata ta tuhumi dokarta.

Sai batun zama ɗan ƙasa. Dokar 1992 ta ce baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya yi shekara goma kafin ya nema, yaron da aka haifa a Italiya kuwa sai ya cika shekara 18. Kimanin jariri ɗaya cikin bakwai da ake haifa a ƙasar iyayensa duka biyu baƙi ne. Wannan yaro zai yi makaranta da kuɗin gwamnati, ya tashi ba ya jin wani harshe kamar Italiyanci, amma a takarda baƙo ne. An yi ƙuri'ar raba gardama a watan Yunin 2025 don rage shekara goman zuwa biyar, sai dai waɗanda suka fita ba su wuce kashi 30 daga cikin ɗari ba, ƙuri'ar ta faɗi. Ta fuskar jari wannan wauta ce. An kashe kuɗi an rene shi, an ilimantar da shi, sa'an nan a daidai lokacin da zai fara biya aka nuna masa cewa Jamus ko Ingila ta fi marhabin da shi.

Masu adawa da shigowar baƙi suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Baƙo ma yana tsufa. Wanda ya shigo yana ɗan shekara 25 a 1995 ya kusa shiga layin masu kwasa. Haka kuma matan baƙi sun fara bin sahun matan ƙasar, haihuwarsu ta faɗo ƙasa da biyu, domin tsadar haya da rashin wurin renon yara ba sa tambayar fasfo. Saboda haka shigo da ma'aikata sayen lokaci ne, kuma lokacin da aka saya sai an yi wani abu da shi.

A nan ne Italiya ta fi gazawa. A shekarar 2024 'yan ƙasar kimanin 156,000 suka bar ta, da yawa daga cikinsu matasa masu digiri. Rahoton ƙungiyar OECD ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2020 ainihin darajar albashi a Italiya raguwa ta yi, alhali a Jamus da Faransa ta ƙaru da fiye da kashi 30 daga cikin ɗari. Matashi kan kai shekara 30 yana gidan iyayensa, mace kan yi haihuwar fari tana dab da 32. Matan da ke aiki sun ɗan haura rabi kawai, mizani mafi ƙanƙanta a Tarayyar Turai, kuma da yawa kan bar aikin bayan haihuwar fari. An ɓullo da alawus na bai-ɗaya ga kowane yaro a 2022, amma haihuwa ta ci gaba da raguwa kowace shekara. Kuɗin madara ba ya sa wanda ba shi da tabbacin aiki ya yi aure. Wasu ƙauyukan Sisili, irin su Sambuca da Mussomeli, sun koma sayar da gidajen da aka gudu aka bari a kan Yuro ɗaya. Jaridun duniya sun ji daɗin labarin, 'yan Amurka sun sayi gidan hutu, amma makarantar firamare ba ta cika da mai zuwa hutu.

Akwai kuma abin mamaki a yadda ƙasar ta manta da tarihinta. Tsakanin 1876 da 1976 'yan Italiya kimanin miliyan 26 suka yi ƙaura zuwa Amurka, Ajantina, Barazil, Faransa, Jamus, Suwizalan da sauransu, kuma kuɗin da suka riƙa aikowa gida ya taimaka wajen gina masana'antun arewacin ƙasar. Sun sha irin baƙar maganar da jikokinsu ke yi wa wasu yanzu.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwar Nijeriya ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce fata. Italiya na cikin manyan masu sayen fatu da ƙiraga na Nijeriya, kuma fatar jar akuya ta Sakkwato da ake jemewa a Kano ta daɗe tana ƙarewa a masana'antun takalma da jakunkuna na can. Majemun Arzignano da Santa Croce sull'Arno sun dogara ƙwarai da ma'aikata baƙi, ciki har da 'yan Ghana da 'yan Senegal, kuma ƙananan masana'antun iyali da ke ɗinka takalmin suna fama da rashin magada, uba ya tsufa, ɗa ɗaya tilo ya tafi Milan ko Landan. Mai saye da ke rasa hannun aiki ko dai ya rage oda, ko ya nemi a yi masa wani ɓangare na aikin a inda fatar take. Wannan ta biyu dama ce ga masu majemu a Challawa da Sharaɗa, in har za su iya tabbatar da inganci da cika alkawarin lokaci, kuma in wutar lantarki ta bari. Gwamnatin Meloni ta ƙaddamar da shirin Mattei na hulɗa da Afirka a watan Janairun 2024 da alkawarin Yuro miliyan dubu 5.5, wanda babbar manufarsa ita ce a tsayar da matasa a gida. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu masana'antu ne ya kamata su je da takamaiman buƙata ta haɗin gwiwa a kan fata, tun kafin a rabe kuɗin a kan gas da man fetur.

Hanya ta biyu ita ce ta mutane. A 2016 mutum kimanin 181,000 suka isa Italiya ta teku, kuma 'yan Nijeriya ne suka fi kowa yawa, sun haura 37,000, akasarinsu sun bi ta Agadas zuwa Libiya. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙi a 2015 bisa matsin lambar Turai, gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamban 2023. Bahar Rum kuwa bai daina ci ba: mutum 368 a gaɓar Lampedusa a 2013, wasu 94 a Cutro a 2023, ban da waɗanda hamada ta binne ba tare da an ƙirga su ba. Alhali kuwa Nijeriya, Nijar, Ghana da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da aka ware wa guraben aiki na halal, kuma wata doka ta 2023 ta ba da damar shigar waɗanda aka horar a ƙasashensu ƙarƙashin shirin da Italiya ta amince da shi ba tare da sun shiga cikin kason shekara ba. Muddin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata ba su zauna da takwarorinsu na Italiya sun tsara wa za a horar, a wace sana'a, kuma wa zai karɓe shi a can ba, guraben za su ci gaba da zama hajar dillalai, ana sayar wa matashi takardar gayyata ta kamfanin da babu shi.